Gyaran ƙafar a-kori-kurar da aka sauke ƙasa ta koma dukan ƙugu

A-kori-kura idan aka sauke ta ƙasa tana da kyan gani, wannan ba musu. Amma sau da yawa mai ita ba ya cika wata guda sai ka gan shi a Suame Magazine, unguwar garejoji da kayan gyaran mota a Kumasi, yana cigiyar sabon shokazoba, wai motar na dukan ƙugu, tana tsalle a kan ɗan ramin da bai taka kara ya karya ba. A sa sabon, a sallami masta, kafin a kai shataletalen Suame an ji dukan na nan daram. Dalili kuwa, a mafi yawan lokuta laifin ba na shokazoba ba ne. Ƙafar motar ce ta rasa filin motsawa. Kamfani ya bar tazara tsakanin aksul da shasi don taya ta samu wurin hawa idan ta taka tudu, kuma duk incin da aka sauke ta hanyar taɓa sifirin, daga cikin wannan tazarar aka ciro shi. Idan tazarar ta ƙare, ƙarfe ne ke haɗuwa da roba, robar ta danne, dukan ya wuce kai tsaye zuwa kujera. Don haka a fara dawo da tazara, sannan a zo kan shokazoba. Wanda ya juya wannan tsari sau biyu zai biya.

Awo kafin sayayya

Ka samu daɓen siminti mai lebur, ka ajiye motar da kayan da ta saba ɗauka, tanki kamar rabi. Kana buƙatar tef ɗin awo, alli ko ɗan giris, igiyar roba irin ta ɗaure waya guda huɗu, jak, da sitan, wato ƙarfen tokare mota, biyu masu ƙarfi. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, ko bulon siminti aka tokara mata.

Auna daga tsakiyar taya zuwa bakin madigadi a kusurwa huɗu, ka rubuta. Bambancin hagu da dama bai kamata ya wuce rabin inci ba. Sai ka leƙa ka auna abin da ya fi komai muhimmanci, wato ratar da ke tsakanin stofa, robar nan da ke manne a shasi, da wurin da take sauka. A bayan mota ana son inci 2 da rabi zuwa 3 tsakaninta da aksul. Ƙasa da inci 2, titin Aboabo ko na Asawase zai riƙa tuna maka kullum. A gaba ratar takan fi ƙanƙanta, domin stofar tana can cikin hannun ƙasa, kusa da inda yake juyawa, saboda haka inci ɗaya a wurin yakan zama kusan inci 2 a bakin taya. Idan yatsa ba ya shiga tsakani, motar a kan roba take tafiya, ba a kan sifirin ba.

Daga nan shafa giris a fuskar kowace stofa, ka ɗaura igiyar robar a sandar kowane shokazoba da sandarsa ke fili, ka tura ta har ta taɓa jikinsa. Yi tafiyar minti goma a hanyar da ka saba, da gudun da ka saba, ka haɗa da tudun rage gudu biyu ko uku. Da ka dawo, giris ɗin zai nuna wace stofa ce ke bugawa, igiyar kuma za ta nuna iya inda shokazoba ya nutse. Idan ta hau har ƙarshen sanda ta matse, shokazoban ne ke ƙurewa kafin stofa, kuma wannan ya fi muni, don shi ba a yi shi domin ɗaukar irin wannan duka ba. Tun da kana ƙasa, ka duba ko'ina da ƙarfe ya yi sheƙi ko fenti ya goge: saman difaransha, ƙasan bodin baya, bututun salansa inda ya tsallake aksul, da cikin madigadi.

Akwai wani gwaji mai sauƙi. Ɗora buhun siminti uku, mai kilo 50 kowanne, daidai saman aksul ɗin baya, ka sake bin hanyar. Idan motar ta yi laushi, sifirin ne ya yi tauri, tazara na nan. Idan dukan ya ƙaru, tazara ce babu. Maganin biyun ba ɗaya ba ne, kuma nan ne ake yawan kuskure.

Gaba: ya danganta da yadda aka sauke ta

Motocin da ke da toshin-ba, sandar ƙarfe mai murɗewa da ke aikin sifirin, irin su Nissan Hardbody, su ne suka fi saurin shiga matsala don sauke su ba ya cin ko sisi: a sassauta notin gyara, gaba ya zauna. Sassautawar ba ta sauya taurin sandar ba, abin da ta yi shi ne kwantar da hannun ƙasa a kan stofa. Gyaran shi ne a ɗaga gaban har tayoyi su bar ƙasa, a yi wa zaren alama da fenti, a mayar da notin ana ƙirga zagaye daidai wa daida a ɓangarorin biyu, a sauke, a ɗan tura motar gaba da baya ta zauna, a sake awo. A ci gaba har ratar stofa ta dawo. Wannan hanya ba ta jure sauki fiye da inci ɗaya da rabi zuwa 2 ba tare da ta ci tazara ba.

Masu koyil, wato sifirin mai naɗi, kamar Hilux daga ƙirar 2005 zuwa yau, galibi yanka ake yi musu ko a gasa su da wuta. Koyil ɗin da aka gasa da wutar gas, a cire shi a jefar, babu gyara. Zafin ya kashe ƙarfen, zai ci gaba da zama kaɗan-kaɗan, ɓangare ɗaya ya fi ɗaya, wata rana ya karye. Ana gane shi da zagaye biyu ko uku da suka manne da juna da fentin da ya ƙone. Wanda aka yanka kuwa, ya gajarta kuma ya ƙara tauri, domin yawan zagayen da ke aiki shi ke kawo laushi. Mai zagaye 8 idan aka cire ɗaya, taurinsa ya hau da kusan kashi 14 cikin 100. Wannan ƙarin bai isa ya rama tazarar da aka rasa ba, ga shi bakin da aka yanke ba ya zama daidai a mazauninsa, sai ƙara da gocewa. Idan aka ɗaga motar koyil ya yi sako-sako har hannu na juya shi, haɗari ne, zai iya ficewa daga mazauni a kan hanya. Kuma duk mai cire koyil ya yi amfani da abin matse shi na gaskiya, ba waya ko igiya ba.

Hanyar da ta fi kowace ita ce sifindil mai saukarwa, wanda ke ɗaga wurin da taya ke ɗaure da kamar inci 2 ba tare da ya taɓa sifirin ko shokazoba ba. Mota ta sauka, tazara na nan yadda kamfani ya bar ta. Kamfanoni irin su Belltech da DJM suna yin sa don motocin Amurka kamar F-150 da Silverado, waɗanda ke shigowa ta tashar Tema. Ga wanda motarsa ba ta da shi a kasuwa, koyil ɗin da aka ƙera tun asali don saukarwa shi ne na biyu, kuma kada ya wuce inci 2. Abu ɗaya game da sifindil: yana kusanto da bakin hannun ƙasa zuwa cikin rim, don haka a murɗa sitiyari har ƙarshe hagu da dama a tabbatar ba ya gogawa, wani lokaci sai an ƙara girman rim.

Game da stofa, ana iya rage tsayinta ko a sa gajera. Mai laushi irin ta soso mai tauri, wadda ke dannewa a hankali, ta fi dunƙulen roba nesa ba kusa ba. Amma kada a cire ta gaba ɗaya. Ba stofa, boljoyin, gaɓar da ke haɗa hannu da sifindil, da shokazoba ne za su karɓi dukan, su kuwa ba sa daɗewa.

Baya, inda yawancin dukan yake

Sifirin baya na a-kori-kura an yi shi ne don kaya, wasu har kusan tan guda. Shi ya sa ko ba a taɓa shi ba, motar in ba kaya takan yi tsalle. Da farko ka duba yadda aksul yake zaune, a saman fallayen sifirin ko a ƙarƙashinsu, domin duk sauran lissafin daga nan yake tashi.

Idan aksul na sama, bulo ake sakawa tsakaninsu. Bulo ba ya sauya taurin sifirin, sai dai yana tura aksul kusa da shasi da daidai kaurinsa. Inci 2 lafiya, inci 3 shi ne iyaka. Ya zama na ƙarfe ko alminiyom dunƙulalle, ba mai rami a ciki ba, kan senta-bol, ƙusar da ta haɗa fallayen a tsakiya, ya shige raminsa sosai, shi ma nasa kan ya shige mazaunin aksul. Ba a ɗora bulo kan bulo. Bulo mai tsayi yana ba aksul damar murɗe sifirin lokacin tashi, sai ka ji baya na kakkafewa yana tsalle idan aka taka mai a kan tsakuwa. Kowane sauyi a nan yana son sabon yubol, ƙarfen nan mai siffar U da ke ɗaure aksul da sifirin, don tsohon ya riga ya miƙe. A ɗaure notocin a gicciye, kaɗan-kaɗan, da sifana mai auna ƙarfi bisa adadin da littafin motar ya faɗa, a sake bin su bayan kilomita 100 zuwa 200. Sai a duba ƙasa: bakin yubol ko farantinsa kada ya sauko ƙasa da bakin rim. In ya sauko, ranar da taya ta fashe ƙarfe ne zai fara cakar kwalta. A yanke rarar zaren.

Idan aksul na ƙasa, mayar da shi sama ake yi, kuma wannan yana sauke mota inci 5 zuwa 6 a tashi ɗaya. A irin wannan babu makawa sai an yi wa shasi gurbi, wato a yanke wani ɓangare mai siffar baka daidai saman aksul, a lulluɓe wurin da farantin ƙarfe mai kauri. Mota da aka juya wa aksul ba a yi mata gurbi ba, ko wane irin shokazoba aka sa mata kuɗi ne aka zubar. Aikin gurbi ba na kowane mai walda ba ne. Farantin ya wuce wurin yankan ta gaba da baya sosai, a rufe ciki da waje, a tokare shasin gaba da bayan wurin kafin a yanka don kada ya lanƙwashe. A cire kan batir, a kawar da bututun birki da na mai da wayoyi, a kare tanki daga tartsatsi. Bayan an gama a cire sifirin ko a sassauta shi, a ɗaga aksul da jak har ya taɓa stofa, a ga abin da zai fara bugawa. Sau da yawa kan difaransha ne ke dukan ƙasan bodi, ko salansa ta matse. Shasi ne ƙashin bayan mota, kuma motar za ta je gwajin DVLA, hukumar lasisin direbobi da motoci ta Ghana, saboda haka aikin ya zama wanda ba za a ji kunyar nuna shi ba.

Sai hanya ta uku, wadda ta fi yawa a garejojinmu don ita ce mai araha: a kai fallayen wurin maƙeri a buge su su miƙe, ko a zare ɗaya ko biyu. A nan akwai wani abu da ba kowa ke lura da shi ba. A ƙasan jerin akwai wani falle gajere mai kauri, kusan a miƙe, wanda ba ya aiki sai an yi lodi mai nauyi sauran sun kwanto a kansa. Da an miƙar da na sama, sun riga sun kwanta a kansa tun motar ba kaya. Ke nan kullum tana tafiya da taurin da aka tanada don cikakken lodi. Leƙa ka gani: idan babu rata tsakanin bakin wannan falle da na samansa, ko wurin ya yi sheƙi, ka samo ɓarawon. Mai motar da ba ya ɗaukar kaya zai iya kifa fallen ya fuskanci ƙasa ko ya cire shi, amma ya sani cire shi yana sauya kaurin jerin, dole senta-bol da yubol su dace da sabon kaurin. Mai ɗaukar kaya kuwa, gara ya nemi jerin sifirin da ba a taɓa ba, a Magazine ko kasuwar Abossey Okai da ke Accra, ya sauke motar da bulo ko shakul, ɗan ƙarfen da ke rataye ƙarshen sifirin a shasi. Zare falle kuma yana kawo laushi na ɗan lokaci, daga baya sauran su gaji, su lanƙwasa ta baya, babban fallen ya tsage kusa da ido.

Tun da an kwance jerin, a kankare tsatsa tsakanin fallaye, a mayar da 'yan robobin da ke bakinsu idan sun cinye. Fallayen da tsatsa ta manne ba sa zamewa kan juna, kuma damina biyu da Kumasi ke sha a shekara ba ta raga musu. A duba shakul ma, ya riƙa lilo ba tare da ya bugi shasi ba.

Ga wanda ke son mota a ƙasa kuma yana lodin doya ko siminti lokaci-lokaci, jakar iska ta taimako, wadda ake ɗaurawa tsakanin aksul da shasi, tana raba gardama. Ba kaya a bar mata iska kaɗan, kamar fam 5 zuwa 10, in za a yi lodi a ƙara. Sai dai ita ma tana cin wuri, a auna kafin a saya, kuma ba ta ƙara wa motar yawan nauyin da kamfani ya yarda ta ɗauka.

Yanzu ne lokacin shokazoba

Shokazoban asali an yi shi don tsayin asali. A motar da aka sauke yana zaune kusa da ƙurewa, motsi kaɗan ya buga ƙasa, bawul ɗin ciki ya lalace, mai ya fara tsiyaya. Ba da sunan mota ake sayen na mota irin wannan ba, da awo ake saye. Cire tsohon, ka auna tsakanin maɗauri na sama da na ƙasa a hali uku: motar na zaune kan ƙafarta, aksul an ɗaga shi har stofa ta danne, da kuma aksul na rataye. Wanda za ka saya, tsayinsa a matse ya gaza awo na biyu da rabin inci zuwa inci ɗaya, don stofa ta riga shi karɓar duka. Tsayinsa a buɗe ya kai kusan awo na uku, amma kada ya wuce har tiyon birki ya miƙe ko koyil ya saki. Idan motar na zaune, sandar ta kasance wajen tsakiyar tafiyarta. Je kasuwa da tef ɗinka da waɗannan lambobi uku a takarda. Ka duba kuma irin bakinsa, ido ne ko zare, da faɗin ramin bushin.

Kwanciyar shokazoba ma tana da tasiri. Bayan an juya aksul, yakan kwanta fiye da da, kuma gwargwadon kwanciyarsa gwargwadon raguwar aikinsa. A digiri 30 daga tsaye ya rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na riƙonsa, a digiri 45 rabi ya tafi. Alamar ita ce baya ya riƙa lilo sau biyu ko uku bayan an wuce tudu. Ana gyarawa da maɗauri mai sauko da bakin ƙasa ko a matsar da na sama, ya miƙe tsaye gwargwadon hali.

A ra'ayinmu, ga titunan cikin gari masu ƙananan ramuka a jere, shokazoba mai bututu biyu ya fi daɗin zama. Mai bututu ɗaya mai gas da yawa, irin na Bilstein, ya fi riƙe mota a babbar hanya kamar ta Accra ko ta Tamale, kuma ya fi jure zafi, amma ana jin tsakuwa da shi. KYB da Monroe suna da iri-iri, sai dai a kula da jabu. In na hannu za a saya, a tsayar da shi a danna a ja sau da yawa. Idan akwai wurin da ya tafi salalan ba riƙo, ko sanda ta karce, ko jikin ya jiƙe da mai, a ajiye shi. Biyu-biyu ake sauyawa, hagu da dama tare.

Ga wani ƙaramin abu mai babban sakamako. Duk notin da ya ratsa bushin roba, na hannun ƙasa, na idon sifirin, na shakul, na shokazoba, ba a ɗaure shi ƙarshe sai nauyin motar na kan tayoyinta. Idan aka ɗaure tana rataye, da an sauke ta robar ta murɗe ta zauna a murɗe, ta ƙara tauri, ta yage cikin 'yan watanni. Motar da aka sauke ba a sassauta waɗannan notoci an sake ɗaure su a sabon tsayi ba, tana da wannan matsala ko da bushin ɗin sababbi ne. A kan rami ake yin wannan, ko a ɗora tayoyin kan katako mai kauri. Bushin roba mai tauri irin mai launi kuma, ba ma ba da shawararsa ga mai neman laushi.

Idan karkarwa ce ba duka ba

Karkarwar da ake ji a kujera da ƙasan mota lokacin tashi, tsakanin kilomita 15 zuwa 40 a awa, wadda ke raguwa in an ɗaga ƙafa daga mai, daga farfela take. Wadda ake ji a sitiyari wajen 80 zuwa 100 kuwa, yawanci balansin taya ne ko rim ya lanƙwashe. A raba su tukuna.

Kuros ɗin farfela, gaɓar da ke kowane bakinta, ba ya juyawa da gudu ɗaya idan yana a karkace, yana sauri yana lafawa sau biyu a kowane zagaye. Na gaba da na baya suna soke wa juna wannan ne kawai idan karkatarsu ta zo ɗaya. Sauke mota yana ɓata wannan daidaito. Manhajar auna kwana ta waya ta isa aikin. Motar na kan ƙafarta, auna kwanan bakin giyabos, na jikin farfela, da na bakin difaransha. Bambancin farfela da kowane baki shi ne kwanan da kuros ke aiki a kai. Ana son kowanne ya kasance ƙasa da digiri 3, kada ya zama sifili don boris ɗin ciki na son ɗan motsi, kuma tsakanin biyun kada a samu fiye da digiri ɗaya. Misali, wutsiyar giyabos ta sunkuya digiri 3, bakin difaransha ya ɗaga digiri 7: weji mai digiri 4, ɗan faranti mai kauri a gefe ɗaya da ake sakawa tsakanin aksul da sifirin, zai daidaita su. Wasu kan bar bakin difaransha ƙasa da haka da digiri ɗaya ko 2, don yana ɗagawa idan aka taka mai. Wejin ya zama na ƙarfe, senta-bol ya ratsa shi. Idan aksul na saman sifirin kuma ana son sunkuyar da bakin difaransha, ɓangare mai kauri na kallon baya. Idan aksul na ƙasa, yana kallon gaba.

Mota mai farfela mai gaɓa biyu tana da boris a tsakiya, shi ma sai an ɗaga ko an sauke mazauninsa da 'yan faranti har layin ya miƙe. Sannan a duba inda farfela ke zamewa ciki da waje. Saukarwa kan tura ta ciki, kuma idan ba ta da sauran wurin shiga na kamar inci ɗaya, za ta riƙa dukan giyabos a kowane rami. Wannan ƙaran ƙwal da ake ɗora wa shokazoba, wani lokaci daga nan yake.

Taya da alaimen

Gefen taya shi ne sifirin farko. Ga tayoyi uku masu kusan tsayi ɗaya: 265/65 R17 gefenta milimita 172 ne, 265/50 R20 tana da kusan 132, 265/40 R22 kuwa 106 kacal. Wanda ya sauke mota kuma ya sa rim 22, ya rage tazara a wuri biyu, ga nauyin rim ɗin da shokazoba zai yi fama da shi. A titunanmu rim 17 ko 18 ya fi zama lafiya, 20 shi ne iyakar wanda ya nace. Tayar da aka rubuta wa LT ko C, ta lodi ce, gefenta ya fi tauri.

Iska kuma, mai faci yakan cika ta har sai taya ta yi ƙarar ganga, fam 45 ko 50. Adadin gaskiya yana kan takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, yawancin waɗannan motoci wajen fam 29 zuwa 35 ne in ba kaya. Lambar da ke jikin taya iyaka ce, ba umarni ba. Sayi ma'auninka, ka auna da safe kafin taya ta ɗau zafi, don zafi na ƙara fam 3 zuwa 4. Wannan gyara kyauta ne, kuma a wasu motocin shi kaɗai yana kashe rabin ƙorafin.

Alaimen shi ne aikin ƙarshe, bayan an tsayar da tsayi, an yi 'yar tafiya ƙafar ta zauna. Saukar da gaba ta sifirin yana kwantar da kan tayoyi ciki, yana kuma sauya inda bakinsu ke kallo. Na biyun ya fi cin taya da sauri. A je wurin mai na'ura, a nemi ya dawo da kwanciyar tsakanin sifili da rabin digiri zuwa ciki, bakin kuma bisa littafi. In notocin gyaran sun ƙure ba a kai ba, alama ce an sauke fiye da kima. Idan sitiyari na fizgewa da kansa duk lokacin da taya ɗaya ta taka rami, leƙa ka ga tayarod, sandar da ke juya taya daga sitiyari: ya kamata ya yi kusan layi ɗaya da hannun ƙasa. Idan ya ɗaga sama sosai shi kaɗai, alaimen ba zai warkar ba, sai an ɗan ɗaga motar ko an koma sifindil. A duba boljoyin na sama kada ya ƙure kwanansa, da sandunan sitabilaiza, waɗanda kan buƙaci gajeru.

Birki da fitila

Tsofaffin a-kori-kura marasa ABS, na'urar hana taya kullewa, da yawa suna da bawul a baya, da ɗan hannu da ke haɗe da aksul, mai auna lodi. Idan bodi ya matso kusa da aksul, bawul ɗin na ɗauka an yi lodi, sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. A motar da aka sauke, kullum yana ganin lodi ko da bayan wayam yake, don haka ranar ruwa tayoyin baya su kulle, motar ta juya. A matsar da maɗaurin hannun da daidai incin da aka sauke, ya koma matsayin da yake tun farko, a gwada birki mai ƙarfi a fili mai tsakuwa, wani na tsaye gefe yana kallo. Na gaba ne ya kamata su riga kullewa. Fitilun gaba ma a sake saita su, don baya ya fi gaba sauka, haskensu ya ɗaga yana shiga idon masu tahowa.

Wani lokaci duk an bi waɗannan, awo ya nuna tazarar ba za ta samu ba sai an taɓa tsayi. To, Alhaji, a haƙura a mayar da inci ɗaya. Saukar inci 4 a gaba da 6 a baya, wadda ake gani a hotunan Amurka, ba a yi ta don tudun rage gudun da ke kowane gari a hanyar Techiman ba. Inci 2 a gaba, 3 ko 4 a baya, ya isa ya daidaita motar ta yi kyau. Auna daga ƙasa zuwa abin da ya fi komai saukowa, kwanon baƙin mai ne ko gindin salansa ko ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin inji, kada ya gaza santimita 14 zuwa 15 da direba da fasinja a ciki. Bayan kowane sauyi guda, a sake shafa giris a stofa, a mayar da igiyar roba ƙasan sanda, a bi hanyar gwajin nan da gudu ɗaya, sannan a wuce zuwa na gaba.